Amsar Wasiƙunku: Yaron Da Ya Yi Gudun Hijira, Wace Makaranta Ce Tasa?

Cikin makonnin nan wasiƙu uku sun iso mana a kan magana ɗaya, ko da yake daga wurare daban-daban suka fito, kuma ranar da muka ɗauko su a rediyo lokaci ya ƙure mana tun ba mu kai rabi ba. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu baje maganar a nan, yadda wanda ya iya karatu zai karanta wa wanda bai iya ba, ko a majalisa ko a rumfar kasuwa.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ya ce ƙanen matarsa ya gudo daga ƙasar Sabon Birni ta jihar Sakkwato da 'ya'ya biyar, saboda 'yan bindiga, ya sauke su, ya ba su gefen gona, yau ga shi damina huɗu ke nan. Yaran ba wanda ke zuwa makaranta. In ya yi wa uban magana sai ya ce ai ba su da takardar haihuwa, kuma lakwal ɗin Nijar da Faransanci ake yi, wanda ba zai amfane su da komai ba in sun koma gida, kuma ai komawa za su yi da zarar ƙura ta lafa. To shi ne yake tambaya: shin doka ta yarda ɗan wata ƙasa ya shiga makarantar gwamnati a Nijar? In kuma ta yarda, akwai amfani?

To Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Kafin mu amsa, bari mu warware wani ƙulli, domin a Hausa suna ɗaya muke kiran mutum biyu da shi. Wanda ya gudu daga Sabon Birni ya koma cikin garin Sakkwato muna ce masa ɗan gudun hijira, wanda ya gudu daga Sabon Birni ya tsallaka Maraɗi shi ma haka muke ce masa. A wurin hukuma kuwa ba ɗaya suke ba. Na farkon yana cikin ƙasarsa, ɗansa ɗan ƙasa ne kamar kowa, kuma dokar ilmin bai-ɗaya da Nijeriya ta kafa a 2004 ta ce shekara 9 na farko, watau firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma tilas ne. Ba hedimastan da ke da ikon ce masa ai kai ba ɗan wannan ƙaramar hukuma ba ne. Na biyun ya ƙetare iyaka, saboda haka wata doka ce ta ƙasa da ƙasa ke kare shi, kuma ita ce ta shafi baƙinka.

Wannan doka yarjejeniya ce da aka ƙulla a birnin Janiba a 1951 dangane da 'yan gudun hijira. Sashe na 22 a cikinta ya ce, a kan ilmin firamare, ƙasar da ta karɓi ɗan gudun hijira za ta yi masa daidai yadda take yi wa 'ya'yanta. Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sa'an nan a 1969 Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar a Adis Ababa, ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira, ta ce ba sai wanda gwamnati ke farauta don siyasarsa ko addininsa ba, har da wanda tashin hankali ya kora daga garinsu. Ka ga ke nan wanda ya gudo don 'yan bindiga sun ƙone rumbunsa yana ciki. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, doka ta yarda, kuma ba alfarma ake yi wa yaran ba.

Sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce a rahotonta na 2024, kusan rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta a duniya ba sa zuwa, watau yara sama da miliyan 7. A firamare kashi 65 cikin 100 ke shiga, a sakandare kashi 42, a jami'a da makamantanta kashi 7 kacal. Ka lura da yadda lissafin ke zubewa daga mataki zuwa mataki, kamar hatsi a buhu mai huji. Kuma ba duka ne aka kora daga ƙofar makaranta ba. Da yawa ba a ma kai su ƙofar ba, saboda irin dalilan da surukinka ya kawo.

Mu fara da babban dalilin, wanda shi ne ya fi cin yara: maganar ai komawa za mu yi. Ba wanda zai ga laifin mutumin da ya bar gonarsa da kabarin iyayensa don yana sa ran komawa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amma mu dubi yadda abin ya kasance ga waɗanda suka riga mu. Mutanen Laberiya da yaƙi ya koro an buɗe musu sansani a Oru ta jihar Ogun a 1990, ba a rufe shi ba sai 2007. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo a arewacin Kamaru an buɗe shi a 2013 don mutanen Barno da Adamawa da rikicin Boko Haram ya kora, kuma jaririn da aka shiga da shi goye a wannan shekara yanzu ya zama saurayi. A Kenya akwai sansanin Dadab da aka kafa wa Somaliyawa tun farkon shekarun 1990, inda waɗanda aka haifa a ciki suka haifi nasu.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Cadi. Mutanen Darfur sun fara kwararowa gabashin Cadi daga Sudan a 2003. Da aka buɗe musu makarantu a sansani, sai aka ce a ci gaba da koya musu manhajar Sudan, da littattafan Sudan, tunda kwana kaɗan za su yi. Aka yi shekara 10 ana haka. Littattafai ba sa isowa a kan kari, jarrabawa sai an jira daga Sudan, takardar da yaro ya samu kuma ba ta buɗe masa ƙofa a ƙasar da yake zaune. Daga ƙarshe a 2014 aka juya makarantun zuwa manhajar Cadi, a 2018 kuma gwamnatin Cadi ta karɓi makarantun sansani 108 ta mai da su makarantun gwamnati. Mutane da yawa ba su so wannan canji ba a lokacin, suna ganin kamar an yanke musu ƙauna da gida. To sai ga shi a watan Afrilu na 2023 sabon yaƙi ya ɓarke a Sudan, maimakon na Cadi su koma, sai wasu dubban ɗaruruwa suka biyo su. Uban da ya hana ɗansa karatu a 2004 don yana jiran komawa, yau ɗan nan ya yi gemu bai iya rubuta sunansa ba.

Ka gaya wa surukinka wannan lissafi, tunda manomi ne zai gane. Hijirar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Maraɗi ta yi ƙarfi ne a 2019, kuma kafin ƙarshen wannan shekara an ƙidaya mutum wajen dubu 40. Yaron da ya zo yana ɗan shekara 6 a lokacin, da an sa shi aji ɗaya, da yanzu ya gama firamare. Shekarun karatun yaro kamar ruwan shuka ne. In ya sauka ba ka shuka ba, ka ce sai ka koma gonarka ta gado, to damina ba ta san da wannan uzuri ba.

Sai maganar Faransanci. Gaskiya ne, a makarantun gwamnati na Nijar mafi yawan karatu da Faransanci ake yi, a Nijeriya kuma da Ingilishi. Amma mu da muka ratsa kwalejin horon malamai, abin da aka fara koya mana shi ne iya karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa wannan baƙi da wannan wasali in sun haɗu suna ba da sauti kaza, ya riga ya haye. Baƙaƙen boko iri ɗaya ne a Faransanci da Ingilishi da Hausa. Lissafi kuma bai san iyaka ba, bakwai sau takwas hamsin da shida ne a Gidan Rumji, haka yake a Sabon Birni. In Allah Ya sa aka koma, yaron da ya yi shekara 4 a lakwal zai sha wuyar Ingilishi na wasu watanni, ya kama. Wanda ya yi shekara 4 yana kiwon awaki kuwa, daga baƙaƙe zai fara, yana ƙato a cikin ƙanana, kuma galibi kunya ce ke korar irinsu kafin shekara ta zagayo.

Har ila yau baƙinka suna da wata sa'a da 'yan gudun hijira da yawa ba su samu ba. Sun bar Hausa sun tarar da Hausa. Mushen da zai koya musu da Hausa zai yi musu bayani in abu ya shige musu duhu, abokan wasansu Hausawa ne, wasu ma dangi. Ka kwatanta da yaron Gwoza da ya faɗa cikin ajin da ba mai jin harshensa. Kuma Nijar ta daɗe da makarantun da ke fara koyarwa da harshen gida, tun gwajin da aka fara da Hausa a Damagaram a 1973, ko da yake ba kowane gari ke da su ba. In kuma abin da ke damun uban shi ne addini, akwai makarantun gwamnati masu haɗa Larabci da Faransanci, waɗanda ake kira madarasa, irin wadda aka fara buɗewa a garin Sayi a 1957. Ya tambaya ko akwai ɗaya kusa. Makarantar allo kuwa ba ta hana wannan, wannan ba ta hana ta. Da asuba da dare na allo ne, kamar yadda muka taso muka gani.

Akwai wani tsari da aka gwada a jihar Difa wanda ya kamata ku sani, ko da yake na manyan yara ne. Da mutanen Barno suka tsallaka can, an tarar da ɗalibai da suka riga suka yi nisa a sakandare da Ingilishi, waɗanda mai da su Faransanci zai zama kamar rushe gini ne a sake tono tushe. Sai aka buɗe musu cibiyoyi inda suke bin manhajar Nijeriya suna zaune a Nijar, har aka riƙa kai wasu Kano su zauna jarrabawa. Wannan ya dace da wanda ya kusa gamawa. Ga ɗan shekara 7 kuwa, makarantar garin da yake kwana ita ce tasa.

Yanzu takardar haihuwa. Jama'a da dama sun ɗauka sai da ita ake rubuta yaro, har suna jin tsoron zuwa kada a ce su biya tara. A bisa ƙa'ida rashinta ba ya hana a karɓi yaro a aji. Inda take zama tilas shi ne lokacin babbar jarrabawa, kamar ta BEPC a ƙarshen kwaleji, domin sai an tabbatar da suna da shekaru. Saboda haka a kai yaro yanzu, a nemi takarda a hankali. In iyalin sun yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira, takardar shaidar da aka ba su tana ɗauke da sunayen yara da shekarunsu, a tafi da ita wurin darakta. In ba su yi rajistar ba, to su yi, ba a biyan ko dala, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi kafin ya rubuta suna, cuta ce. Yaran da aka haifa bayan an zo Nijar, a kai sunansu asibiti ko ofishin magajin gari tun da wuri. Waɗanda lokaci ya wuce musu, alƙalai kan fita ƙauyuka lokaci-lokaci su yi zaman ba da takardu, sai a kasa kunne wurin mai gari.

Abu ɗaya nake roƙo a nan, don na ga yadda yake ɓata wa ɗalibai shekaru. Sunan da aka rubuta ranar farko, a riƙe shi. Kada yau a ce Muhammadu Sani, gobe Mamman Sani, jibi Sani Mamman. Mu a gida duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai duba takarda mutum uku ne. Rubutun Nijar kuma ya bambanta da na Nijeriya, Usman na can shi ne Ousmane na nan, saboda haka a kwafi yadda aka rubuta a takardar farko harafi da harafi a duk inda aka je.

Ka ce babban yaron shekararsa 12, bai taɓa shiga aji ba. Irinsa ba a cusa shi aji ɗaya da 'yan shekara 6. A Nijar akwai azuzuwan gaggawa da ake kira faserel, ma'anarsa gada. Wata 9 ake yi, a fara da harshen gida na wata 2, sa'an nan a shiga Faransanci, a ƙarshe a gwada yaro a sa shi ajin da ya dace da shi a tsakiyar firamare. An yi su ne don yara masu shekara 8 zuwa 12 ko sama kaɗan, ke nan naku yana bakin ƙofa, kada a ƙara shekara. A Nijeriya ma an fito da manhajar gaggawa don 'yan shekara 10 zuwa 18, wadda ke dunƙule karatun shekara 9 cikin shekara 3, an kuma gwada ta a Barno. Ba kowane ƙauye ke da waɗannan azuzuwa ba, amma darakta ko sufeton makarantu ya san inda suke. Zuwa da kai ya fi aike. Ka ɗauki surukinka ku je tare kafin a koma hutu a watan Oktoba, domin baƙo shi kaɗai nauyin baki yake ji a gaban hukuma.

Ba zan ɓoye maka ba, kyauta ɗin nan da ake faɗa ba ta cika kyauta ba. Akwai littafin rubutu, akwai alƙalami, akwai ɗan kuɗin ƙungiyar iyaye, ga kuma babban abu, aikin da yaron zai bari. Yarinyar da ke talla tana kawo kuɗin cefane, yaron da ke bin shanu ko ƙwadago a gonar wani yana kawo mudu. Ga wanda ya rasa komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son mu da ke cin albashi mu yi ta wa'azi a kai kamar ba mu san yunwa ba. Abin da zan ce shi ne a raba, a yi talla da yamma da ranar kasuwa, a yi karatu da safe. Kuma a kula da 'yan mata, domin su ne ake fara cirewa. Uban da ke zaman baƙunta yakan ji tsoron abin kunya, ga baki da yawa a kan tukunya, sai ya ga aurar da yarinya da wuri shi ne mafita. In ta san karatu, ko bayan auren, ita ce za ta karanta takardar asibiti da katin rabon abinci, ba sai ta miƙa wa wani ya karanta mata abin da ya ga dama ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sayar da ƙosai a Banki ta jihar Barno. Ta ce sun yi shekara 7 a Minawawo, suka dawo a 2021, ɗiyarta ta gama firamare a can ta samu takarda, ƙaramin ɗanta kuma a sansanin aka haife shi. Tana tambaya ko takardar Kamaru tana aiki a Nijeriya, kuma wai an ce mata yaron ɗan Kamaru ne tunda takardar haihuwarsa ta can ce.

Hajiya, barka da dawowa, Allah Ya zaunar da ku lafiya. Ki kwantar da hankalinki a kan yaron. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasa, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne ta haihuwa. Takardar Kamaru shaida ce ta inda aka haife shi da ranar, ba ta canja masa ƙasa. Ki adana ta da kyau, kada ki yar don wani ya tsorata ki.

Game da yarinyar kuwa, Kamaru tana da tsarin karatu biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kuma a Minawawo an yi la'akari da cewa mutanen daga Nijeriya suke, shi ya sa aka buɗe ɓangaren Ingilishi, har da sakandare mai harshe biyu. In ɗiyarki ta ɓangaren Ingilishi ta bi, takardarta ta gama firamare kusan ɗaya take da tamu, shekara 6 ce can, shekara 6 ce nan. Ki kai ta ƙaramar sakandare da takardar da katin sakamakonta. Abin da aka saba shi ne shugaban makaranta ya yi mata ɗan gwaji ya sa ta ajin da ta cancanta. In ya ƙi, akwai sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, shi ne gaba da shi. Inda ake bukatar dogon bincike shi ne takardun gama sakandare, domin Kamaru ba ta cikin ƙasashe 5 masu jarrabawar WAEC, watau Nijeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, tana da tata hukumar jarrabawa a Buya. Mai irin wannan takarda, in zai nemi babbar makaranta, akwai sashe a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da ke auna takardun ƙasashen waje ya faɗi matsayinsu. Sa'an nan tun 2021 ba a rubuta ɗalibi jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka ki yi wa yaranki ita tun yanzu, kada sai ranar ta matso a shiga layi.

Ga waɗanda har yanzu ke can suna shirin dawowa ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira suka sa wa hannu a 2017, kafin ku hau mota ku je makaranta ku karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamako na kowane yaro. Mutane kan ɗaure tabarma da tukwane su manta da wannan, kuma in an tsallako, komawa neman ta aiki ne. A naɗe a leda a sa a ƙasan akwati. Wanda ke da waya ya ɗauki hoton kowace takarda ya aika wa ɗan'uwa ya ajiye masa.

Wasiƙa ta uku mai zafi ce, daga wani Alhaji mai fataucin tattasai a Difa. Ya ce su ne suka karɓi baƙi, suka raba rijiya da su, amma sai ga 'ya'yan baƙi da jaka da littattafai da abincin rana, nasu kuwa ba ko alli, kuma ajin da ke da yara 50 ya koma 100. Ya ce shin wannan adalci ne?

Alhaji, ban ga laifinka ba, kuma maganarka akwai gaskiya a ciki. A Difa mafi yawan waɗanda suka gudo ba su shiga sansanin Sayam Foraj da aka buɗe a ƙarshen 2014 ba, cikin garuruwa da bakin babbar hanya suka zauna, ke nan nauyin a kan makarantunku ya sauka. Kuma an yi zamanin da masu ba da agaji ke zuwa da jerin sunaye, su ba wannan yaro su tsallake na kusa da shi a kan benci ɗaya. Wannan kuskure ne, ya haifar da ƙiyayya a wurare da yawa. Cunkoso kuma ba wasa ba ne, shi ke sa a kafa azuzuwan zana da kara, kuma ba mu manta da gobarar da ta ci yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ba, bayan wadda aka yi a Yamai a watan Afrilu na wannan shekara. Allah Ya jiƙansu.

Sai dai tsarin da ƙasashen duniya suka amince da shi a 2018 ya juya akalar. Yanzu abin da aka sa gaba shi ne kada a gina wa baƙi makarantarsu daban, a sa su cikin ta gwamnati, taimakon kuma ya shiga makarantar gaba ɗaya, ɗan gari da baƙo su ci tare. Shi ya sa a Maraɗi ba a kafa sansani ba, aka zaunar da mutane a gefen garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka ƙara azuzuwa da famfo da ɗakin shan magani da kowa ke amfani da su. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafi. Ran da baƙi suka tafi, ba za su ɗauki ajin siminti a ka ba. Kuma hukuma da yawan yaran da ke cikin rajista take raba malamai da kujeru, saboda haka yaron baƙo da ba a rubuta ba yana cika aji amma ba a lissafa shi, garinku ne ke asara. Gara a rubuta kowa.

In ka ga ana rabo ana tsallake 'ya'yan gari, kada ka huce a kan yaro, bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowace makaranta a Nijar tana da kwamitin iyaye da malamai mai kula da ita, wanda kuka fi sani da Kojes. Ku kai magana can, ku nemi a sa wakilin baƙi a ciki, ku rubuta bukatunku tare ku kai wa sufeto da magajin gari. Takardar da mai gari da shugaban baƙi suka sa wa hannu tare ta fi wadda kowa ya kai shi kaɗai nauyi. Kuma ku san cewa a 2025 an zabtare kuɗin agaji ƙwarai, musamman daga Amurka, har hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka rage ma'aikata da ayyuka. Jakar nan da abincin ranan da kake gani ba tabbas za su ɗore ba. Abin da za ku matsa a kai tun ana iya samu shi ne gini da rijiya da malamin da gwamnati ke biya.

Sauran wasiƙun da suka shafi kuɗin tallafin shiga jami'a ga 'yan gudun hijira, irin wanda Jamus ke bayarwa tun 1992, za mu ɗauko su mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mai tambaya ya faɗa mana garin da yake da ajin da yaron ya tsaya, don mu san ofishin da za mu nuna masa.